Theresa Hak Kyung Cha (1951-1982): Rayuwar Mai Fasahar da Ta Gaji Harshen da Aka Hana

Gabatarwa

Manazarta adabin baka na Hausa sun daɗe da amincewa cewa waƙa ko tatsuniya ba ta cika sai an aiwatar da ita a gaban jama'a, da murya da jiki, a wani wuri kuma a wani lokaci, sannan abin da mai nazari yake kwashewa a takarda bayan an watse ɗan guntu ne daga abin da ya faru. A shekarun 1960 zuwa 1970 wasu masu zane da sassaƙa a Amurka da Turai da Japan sun iso ga irin wannan fahimta ta tasu hanyar. Suka ajiye fenti da yumɓu, suka mayar da jikinsu kayan aiki. A wannan maƙala za a kira wannan nau'i da fasahar aiwatarwa. Ta sha bamban da wasan kwaikwayo, domin mai yin ta ba ya shiga rigar wani, ba dole ne a sami labari mai farko da ƙarshe ba, kuma galibi sau ɗaya ake yin ta a bar ta.

Theresa Hak Kyung Cha na daga cikin waɗanda suka yi wannan fasaha a birnin San Francisco. Shekara 31 kacal ta yi a duniya. Iyayenta duka biyu 'yan Koriya ne, saboda haka ba 'yar ruwa biyu ba ce ta fuskar jini. Cuɗanyarta ta harshe ce da tarbiyya: Koriyanci a gida, Ingilishi a titi, Faransanci a makaranta, addinin Katolika a coci, ga kuma Japananci da aka tilasta wa iyayenta yana laɓe a bayan duka. Abin da ya sa rayuwarta ta cancanci kulawar masu nazarin harshe da adabi shi ne, mikin da ta gada daga mahaifiyarta miki ne na harshe, kuma maimakon ta ba da labarinsa da zance mai santsi, sai ta bar zancen nata ya riƙa tuntuɓe a gaban 'yan kallo.

Asali da Gadon Gida

Ba a fahimtar Cha sai an koma shekara 41 kafin haihuwarta. A shekarar 1910 Japan ta haɗiye Koriya, ta mulke ta har zuwa 1945. Jama'a da yawa suka tsallaka arewa zuwa Manchuriya, wasu don neman ƙasar noma, wasu don guje wa sabbin masu mulki. A can iyayen Cha suka tashi. An haifi mahaifiyarta a garin Yongjeong, wato ita ma 'yar gudun hijira ce tun daga zanen goyo, tana kiran wata ƙasa gida alhali ba a cikinta aka haife ta ba. Gudun bai yi nisa ba, domin a 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuriyar ita ma.

A ƙarshen shekarun 1930 manufar mulkin mallakar ta tsananta. Daga 1938 aka shiga kawar da Koriyanci daga manhajar makarantu. A 1940 aka matsa wa iyalai su ɗauki sunaye irin na Japanawa. A 1942 'yan sanda suka kama masana harshe da dama da ke aikin haɗa ƙamus na Koriyanci, aka tuhume su da neman ballewa, biyu daga cikinsu suka rasu a kurkuku. A cikin wannan yanayi ne mahaifiyar Cha, tana da shekara 18 a 1940, ta gama horon malanta aka tura ta wani ƙauye ta koyar da yara 'yan Koriya a makarantar da malamai ke magana da Japananci. Nata harshen kuwa sai a ɓoye. Wanda ya yi makarantar da ake cin tarar ɗalibi idan ya yi Hausa a aji zai ɗan hango gefen abin, ko da yake ya kamata a yi adalci wajen kwatancin: Turawan Ingila ba su haramta Hausa ba, sun ma yi mulki da ita, abin da suka ture gefe shi ne ajami suka ɗora boko.

Bayan 1945 iyalin suka koma Koriya, suka tarar an raba ta biyu. Yaƙi ya ɓarke a watan Yunin 1950, suka sake ɗaukar kaya daga Seoul zuwa Busan, birnin da ke bakin teku a can kudu, wanda ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. A nan aka haifi Cha ranar 4 ga watan Maris, 1951, ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar. Sunanta na Koriya Hak Kyung, Theresa kuwa sunan baftisma ne. Tana 'yar shekara 9 ɗalibai suka yi boren da ya kifar da Shugaba Syngman Rhee a watan Afrilun 1960, bayan 'yan sanda sun buɗe musu wuta. Daga baya ta rubuta yadda mahaifiyarta ta tare ƙofa ta hana yayanta fita zanga-zanga. A 1961 Janar Park Chung-hee ya yi juyin mulki. A 1962 iyalin suka bar ƙasar zuwa Hawaii, sannan San Francisco a 1964. Hijira ta uku ke nan a rayuwar uwa guda.

Karatu

An sa ta a wata makarantar 'yan mata ta Katolika, inda ta koyi Faransanci da adabin Girkawa da Rumawa. Daga nan, bayan ɗan zama a Jami'ar San Francisco, ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ta shafe kusan shekara goma ta fito da digiri huɗu: na kwatanta adabi a 1973, na fasaha a 1975, sai digiri na biyu iri biyu a fannin fasaha a 1977 da 1978. Ta fara da aikin yumɓu, sannan malaminta Jim Melchert ya buɗe mata ƙofar fasahar aiwatarwa, Bertrand Augst kuma ya shigar da ita ra'in nazarin fim na Faransawa. Ta yi aikin sayar da tikiti da zaunar da 'yan kallo a ma'adanar finafinai ta jami'ar, wanda ya ba ta damar kallon finafinai ba adadi. A 1976 ta je Paris ta yi karatu a hannun Christian Metz da Raymond Bellour da Thierry Kuntzel.

Berkeley ta wancan zamani cibiyar gwagwarmaya ce. A 1969 ɗalibai baƙaƙe da 'yan asalin Asiya da sauran tsiraru suka yi yajin da ya haifar da sashen nazarin ƙabilu a jami'ar. Hanya mafi sauƙi ga matashiya irin Cha ita ce ta yi fasahar da ke bayyana asalinta ɓaro-ɓaro, wadda kowa zai gane ya tafa. Ba ta bi nan ba. Waɗanda ta ɗauka a matsayin abin koyi su ne irin su Stéphane Mallarmé da Marguerite Duras da Carl Dreyer, masu aiki da shiru da farin fili da jinkiri. Wannan zaɓi ya jawo mata rashin masu karatu na shekaru, kamar yadda za a gani.

Ayyukan Aiwatarwa

Tsakanin 1974 da 1978 ne ta yi mafi yawan ayyukanta na aiwatarwa. Abin da ya rage daga cikinsu hotuna ne da 'yan bayanan da ta rubuta da kuma abin da mahalarta suka tuna, matsalar da duk mai nazarin adabin baka ya san ta.

A cikin *Barren Cave Mute* na 1974, ɗaki ne mai duhu, kyandir ɗaya, da manyan takardu a rataye waɗanda aka yi wa rubutu da kaki. Tana tafiya a hankali tana kusantar da harshen wutar ga takardar, kakin yana narkewa. Hasken da ke ba mai kallo damar ganin rubutun shi ne kuma yake cinye shi. A *Aveugle Voix* na 1975 ta fito cikin fararen kaya, ta ɗaure idanunta da bakinta da ƙyallaye biyu. Kalmomin sunan aikin na Faransanci ne, ɗaya na nufin makaho, ɗaya na nufin murya, sai dai ta musanya musu wuri: kalmar murya a kan idanu, kalmar makanta a kan baki. Mai kallo yana iya karanta ta, ita kuwa ba ta ganinsa, ba ta kuma iya ba shi amsa. A ganina babu aikin da ya fi wannan taƙaita halin malamar nan ta ƙauyen Manchuriya, wadda aka rubuta wa abin da za ta zama da harshen wasu. Abin lura kuma, 'yar ba ta zaɓi Japananci ko Koriyanci ta yi rubutun ba. Ta ɗauko Faransanci, harshen da ita kanta aka cusa mata a aji.

A wannan shekara ta 1975 ta yi *A Ble Wail*, inda labulen yadi shara-shara ya raba ta da 'yan kallo. A bayansa akwai kyandirori da madubai, tana motsi a hankali cikin farar riga, ba a ganin ta sosai sai kamar a mafarki. Farin da take yawan sawa yana da nauyi biyu a al'adar Koriya. Launin makoki ne, kuma launin tufafin yau da kullum na talakawa ne, har jami'an mulkin mallaka suka riƙa watsa wa masu sanye da shi tawada a kasuwanni don su daina.

Masana harshe za su fi jin daɗin *Mouth to Mouth*, bidiyo na minti 8 mara launi, shi ma na 1975. Baki ne kawai ake nunawa, yana buɗewa yana rufewa, yana siffanta wasula takwas na Koriyanci ba tare da an ji sautinsu ba. Abin da kunne ke ji ƙarar ruwa ce da ta tsuntsaye, sannan irin yayyafin nan fari da baƙi da ke cika allon talabijin idan tasha ta ɗauke yana ta rufe bakin. Rubutun Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, an tsara baƙaƙensa ne bisa siffar gaɓoɓin furuci, wato harshe da leɓɓa da haƙora da maƙogwaro. Ke nan Cha ta mayar da harshen uwa zuwa tushensa na tsoka, zuwa darasin farko da jariri ke ɗauka daga kallon bakin mahaifiyarsa, sannan ta nuna saƙon yana isowa a gurɓace. Wasula ne zalla, ba baƙi ko ɗaya.

Wasu manazarta sun danganta salon nata da na matan Koriya masu hulɗa da iskoki da ake kira *mudang*, waɗanda matattu ke magana ta bakinsu. Mai karatu Bahaushe zai tuna da bori, inda ake kiran macen da iska ya hau goɗiya. Kamancin bai wuce nan ba, wato jiki ɗaya ya ɗauki muryar da ba tasa ba. A bori ana sa ran waraka, akwai kuma jama'ar da ta san kiɗan kowane iska. Cha kuwa tana yi ne a gaban mutane ƙalilan waɗanda yawancinsu ba su san tarihin da take ɗauke da shi ba, kuma ba ta yi musu alkawarin waraka ba.

Komawa Koriya

Ta karɓi takardar zama 'yar ƙasar Amurka a 1977. A 1979 ta taka ƙasar Koriya a karon farko bayan shekara 17. A watan Oktoban wannan shekara aka harbe Park Chung-hee, sojoji suka sake karɓe iko, a watan Mayun 1980 kuma suka yi wa masu zanga-zanga kisan gilla a birnin Gwangju. Ta tarar da abin da ta bari tana yarinya: ɗalibai a titi, soja, barkonon tsohuwa. Ta kuma tarar cewa fasfo ɗinta da lafazinta sun mayar da ita baƙuwa a wurin masu kama da ita.

A 1980 ta sake komawa tare da ƙanenta don ɗaukar wani fim mai suna *White Dust from Mongolia*, labarin wata 'yar Koriya da ke zaune a ƙasar Sin wadda ta manta komai, har magana ta ɗauke mata. Zamanin dokar soja ne, mutum biyu masu yawo da kyamara suna Koriyanci da baƙon lafazi abin zargi ne, har aka riƙa yi musu kallon 'yan leƙen asirin Arewa. Fim ɗin bai kammalu ba. Kimanin minti 30 na ɗanyen hoto ne ya saura. A wannan shekarar ta koma New York da zama, ta kuma fitar da *Apparatus*, tarin maƙalu kan ra'in fim da ta tace.

*Dictee*

Littafin da ya ɗaukaka sunanta ya fito a 1982 daga wata ƙaramar maɗaba'a mai suna Tanam Press. Sunansa daga kalmar Faransanci yake mai nufin shifta, wato darasin da malami ke faɗa ɗalibi yana rubutawa. Ya buɗe da irin wannan darasi, sai dai ɗalibar tana rubuta har da sunayen alamomin rubutu, aya da waƙafi da sauransu, da cikakkun kalmomi kamar yadda ta ji su daga bakin malami. Biyayyar ta yi yawa har ta ɓata aikin. Wanda ya taɓa koyar da harshe na biyu ya san irin wannan kuskure, Cha kuwa ta mayar da shi dabara.

Littafin jemage ne, ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba. Akwai waƙa, akwai tarihin kai, akwai wasiƙu, da taswirar Koriya a rabe, da zanen maƙogwaro irin na littattafan likitanci, da takardar koken da 'yan Koriya mazauna Hawaii suka aika wa Shugaba Theodore Roosevelt a 1905. An kasa shi tara bisa sunayen alloli mata tara na fasaha a tatsuniyoyin Girkawa, amma ta cire sunan ɗaya ta ƙirƙiro nata ta saka, ba ta kuma sanar da kowa ba. Mata ne suka cika shi: Yu Gwan-sun, ɗalibar da ta shiga boren 1 ga Maris, 1919 ta rasu a kurkukun Japanawa a 1920 tana da shekara 17, Joan ta Arc kamar yadda ta fito a fim ɗin Dreyer na 1928, Waliyyiya Thérèse ta Lisieux wadda take takwararta, sai mahaifiyarta, wadda take yi wa magana kai-tsaye. A tsakaninsu akwai wata mai furuci da ke fama ta fitar da sauti, tana kwaikwayon motsin bakin wasu, tana barin wasu su shige ta su yi magana. Ita ce dai mai farin kayan nan ta San Francisco, ta dawo a kan takarda.

Rubutun Hangul sau ɗaya tak ya bayyana a littafin, a hoton farko, kuma ba a fassara shi ba. Wasu layuka ne da aka kankara a bango, waɗanda aka daɗe ana ɗauka na 'yan Koriya ne da aka kai aikin tilas a mahaƙar kwal a Japan, mai rubutun yana kewar uwarsa, yana kukan yunwa da son komawa gida. Bincike daga baya ya nuna cewa masu shirya wani fim ne suka kankara su a 1965. Aikin tilas ɗin ya faru, rubutun ne na baya. Wannan bai rage wa littafin komai ba a wurina, domin tun farko batunsa shi ne yadda ciwon iyaye ke isowa ga 'ya'ya ta hannu na biyu da na uku, ta hoto da kwafi da jita-jita.

Rasuwarta da Abin da Ya Biyo Baya

Ta yi aure a watan Mayun 1982. Ranar 5 ga watan Nuwamba, 'yan kwanaki bayan fitowar littafin, ta je ginin Puck da ke Manhattan don ta sadu da mijinta, mai ɗaukar hoto da ke aiki a wurin. Wani mai gadin ginin ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. An soke hukuncin farko da aka yanke masa, sai a 1987 aka tabbatar masa da laifin bayan shari'a ta uku.

Littafin ya ɓace daga kasuwa. Masu nazarin adabin Amurkawa 'yan asalin Asiya, waɗanda ya kamata su fara rungumar sa, sun ja baya da shi, domin a lokacin abin da ake nema shi ne labarin hijira miƙaƙƙe, shi kuwa ga Faransanci ga Girkawa ga waliyyan Katolika. Elaine Kim, ɗaya daga cikin jagororin fannin, ta amsa cewa da farko littafin bai kwanta mata ba. Ita ce kuma, tare da Norma Alarcón, ta tace tarin maƙalun 1994 da ya dawo da shi fagen nazari. Gidan adana kayan fasaha na Whitney ya nuna ayyukanta a 1993, iyalinta suka miƙa takardunta ga gidan adana kayan fasaha na Berkeley, wanda ya shirya babban baje kolin ayyukanta a 2001, shekarar da maɗaba'ar Jami'ar Kalifoniya ta sake buga littafin. A 2022 aka sake nuna ayyukanta a baje kolin Whitney na shekara biyu-biyu.

A duk tsawon wannan lokaci manazarta sun riƙa tsallake yadda ta mutu, su ce ta rasu da ƙuruciya ko ta gamu da ajali na tashin hankali, su wuce. Hujjarsu tana da ƙarfi: kada kisan ya rufe aikin, kada a koma karanta kowane shafi a matsayin duba. A 2020 marubuciya Cathy Park Hong ta ƙalubalanci wannan a littafinta *Minor Feelings*, tana ganin cewa karar da ake yi ta rikiɗe ta zama wani shirun, irin wanda Cha ta ƙare rayuwarta tana tonawa. Wanda ya tashi a al'adar da ta san kunya da kara zai gane ɓangarorin biyu. Na fi karkata ga Hong, da sharaɗin a faɗi abin sau ɗaya da sunansa, a koma ga aikin.

Hong ta ruwaito daga yayan Cha cewa kafin rasuwarta ta aika wa iyayenta kwafin littafin ta gidan waya. Ƙunshin ya iso ranar jana'izarta. Yayan ne ya buɗe, idonsa ya faɗa kan hoton farko, ya karanta layukan Hangul ɗin nan na mai kewar uwa da son komawa gida, waɗanda mafi yawan masu karatun littafin a Amurka ba sa iya karantawa. Ya rufe littafin ya ɓoye shi, don kada mahaifiyarsu ta gani.